Daren da Matan Zumunta Suka Zo da Tulu

Labarin rasuwar mahaifiyata ya same ni ne a cikin danfo, motar haya ta Legas, tsakanin Oshodi da Agege, ga cunkoson motoci, ga ihun kwandasta yana kiran fasinja. Na amsa wayar, na ce to, na mayar da ita aljihu, har na isa gida idona bai kawo ruwa ba. Na durƙusa da niyyar yin addu'a, amma baki ya ƙi buɗuwa, domin zuciyar ta ƙeƙashe kamar fako a tsakiyar rani. Motar Arewa kuwa sai da asuba, saboda haka ya zama dole in kwana da wannan nauyi.

Bayan faɗuwar rana sai ga matan Zumunta na sashen Hausa na majami'armu, kowacce da zanen ƙungiya. Shugabarsu ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗana, sannu da rashi. Ba dogon wa'azi muka kawo maka ba, waƙa muka kawo." Ɗaya ta zauna a kan tabarma ta rungume tulu tsakanin ƙafafunta, tana buga bakinsa da guntun soso, sautin yana fitowa can ƙasa kamar bugun zuciya, wata kuma tana biye mata da kacau-kacau a hankali. Suka ɗauko wata tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, mai maganar gidan da Almasihu ya tafi ya shirya mana, wadda Mama takan rera idan tana daka. Ba su kai ƙarshen baiti na biyu ba kuka ya ɓalle mini, kuma a bayan kukan ne addu'ar da ta maƙale tun rana ta samu hanya.

Tun daga wannan dare nake yawan komawa Zabura 137, inda bayin da aka kwashe zuwa Babila suka rataye garayunsu a kan itatuwa, suna tambayar yadda za su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Legas ba Babila ba ce, domin da ƙafafunmu muka zo neman abinci, kuma ta wannan gari ne ɗan mishan Rowland Bingham da abokansa biyu suka shigo a 1893, aikin bisharar da daga baya ya haifi majami'ar ECWA. Duk da haka baƙunci baƙunci ne. A cikinmu akwai Bajju, akwai Tangale, akwai Ngas da Bura, kowa da harshen gidan ubansa, amma tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da Hausa ne kakanninmu da yawa suka koyi yabo. Shi ya sa idan maigadin da ya kwana a tsaye a ƙofar wani gida a Ikoyi ya ɗaga murya ranar Lahadi, za ka ga fuskarsa ta saki, kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Sai dai akwai abin da ke sa ni taka-tsantsan, kuma labarin Sarki Saul ne ya koya mini shi. A 1 Sama'ila 16 an ce idan Dawuda ya kaɗa garaya sai sarki ya samu sauƙi, mugun ruhun ya rabu da shi. Amma a sura ta 18 da ta 19, Dawuda yana cikin kiɗan nan ne Saul ya wurga masa mashi. Kiɗa ya kwantar masa da hankali, bai tumɓuke kishin da ke cikinsa ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na fito daga sujada jikina yana tsuma saboda daɗin ganga da jita, alhali ban riƙe ko kalma ɗaya daga abin da muka rera ba. Ba na ƙin kayan kiɗan zamani, Zabura 150 ma ta kira ƙaho da molo da kuge, amma tashin tsigar jiki daban, aikin Ruhu Mai Tsarki daban. Manzo Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhunsa, zai kuma yi ta da hankalinsa. Abin da ya riƙe ni a daren makokina ba daɗin muryoyin matan nan ba ne kaɗai, alkawarin da ke cikin kalmomin ne, waƙar ta buɗe masa ƙofa ya shiga.

Bayan jana'iza na dawo Legas da littafin waƙoƙin Mama. Bangonsa ya yage, ta ɗinke shi da baƙin zare, kuma shafin waƙar nan ya fi sauran duhu saboda yawan taɓawa. 'Ya'yana a nan aka haife su, Yarabancinsu ya fi Hausarsu ƙarfi, saboda haka kowace Asabar da dare nakan zaunar da su mu karanta baiti ɗaya, in fassara musu ma'anarsa kalma bayan kalma, sannan mu rera. Ƙaramarsu ce ke buga mana bakin jarka a madadin tulu.