Abin da na koya daga tsige Balarabe Musa da Ladoja

A duk karatun tsarin mulki da na yi, babu batun da ya tsaya mini a rai kamar tsige gwamna. Sashe na 188 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya jera matakai tiryan-tiryan: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar jiha su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum 7, in rahoto ya tabbatar da zargin a sake neman kashi biyu cikin uku. Kai ka ce shari'a ce. Sai ka kai ƙarshen sashen ka tarar babban laifin da ake tsigewa a kansa ya haɗa da abin da majalisar kanta ta ɗauka laifi ne. Su ne masu ƙara, su ne masu hukunci, kuma kowannensu da tutar jam'iyyarsa.

Kaduna ce ta fayyace mini wannan. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamna a jam'iyyar PRP, majalisa kuwa 'yan jam'iyyar NPN suka cika ta. Ya aika sunayen kwamishinoni, suka yi fatali da su; ya sake aikawa, haka. Kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya. A Yunin 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau kujerar. Da maganar ta je kotu, kotu ta ce kundin 1979 ya ɗaure mata hannu. Abin yana yi mini ciwo har yanzu, domin tun ranar da aka ƙirga kujerun majalisar makomarsa ta bayyana. Amma kuma ban ga wanda za a miƙa wa wannan wuƙa ba in ba zaɓaɓɓu ba. A ba alƙalai, sun zama iyayen gijin gwamna ke nan.

To ina amfanin kotu? A Janairun 2006 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka tsige gwamnansu Rashidi Ladoja, bayan sun yi wani zamansu a otal a Ibadan. Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar a Disamba, ya koma ofis. Ba ta tsaya tantance ko ya aikata abin da ake zarginsa ba. Ta duba inda suka zauna, ta ƙirga kawuna, ta ga 18 ba su kai kashi biyu cikin uku ba.