Idan laka ta ɓulle ta gaban tantaninta

'Yan'uwa na Agege da Idi-Araba, ba kowane jan ƙafa ba ne shanyewar ɓarin jiki. Akwai ciwon da ba a cika gani ba: tantanin da ya lulluɓe laka, wato igiyar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, ya huje ta gaba, lakar ta kutsa cikin ramin ta maƙale. Yawanci a ƙashin baya daidai ƙirji ne, tsakanin gaɓa ta uku da ta bakwai na wannan sashen (T3 da T7), kuma ya fi kama masu matsakaicin shekaru. Ana alaƙanta hujin da raunin halitta ko gogar faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya.

Alamarsa: ƙafa ɗaya ta raunana, ɗayar kuma ta daina jin zafi da sanyi. A hankali yake tafiya, shi ya sa ake shekaru ana shafe-shafen magani. Wannan jinkirin ne ke damuna.

Hoton MRI na nuna laka ta lanƙwashe ta manne a gaba. Da yake hoton na iya kama da na ƙullutun ruwa mai turo lakar daga baya, sai a ƙara hoton CT da allurar rini don a bambance.

A tiyata likita na buɗewa ta baya, ya mayar da lakar a hankali, ya toshe hujin da faci. Jan ta da ƙarfi na iya ƙara raunin, ruwan laka kuma kan iya yoyo.