Kwanan Baba goma da kwanciya

Talata, 12 ga Janairu, 2021

Yau kwanan Baba goma da fara zazzaɓin cutar korona (COVID-19), biyu daga ciki a asibiti. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar Asabar har ya tashi ya sha kunu, ya yi sallar La'asar a tsaye, muka yi ta hamdala. Daren Lahadi sai numfashi ya gagara. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini ya nuna 84, alhali lafiyayye ba ya sauka ƙasa da 95.

Tun da hantsi nake zaune a kan benci a wajen ɗakin da aka killace su, hunturu na busawa, kwanon abincin da Hajiya ta ba ni ya huce a cinyata. Sai bayan Azahar likita ya fito, takunkumi ya yi masa shaida a karan hanci. Na ce, "Likita, mutumin da ya fara samun sauƙi, me ya mayar da shi baya?"

Ya ce, "Malama, a mako na biyu muka fi ganin haka. Ƙwayar cutar ta kan fara raguwa a lokacin, amma garkuwar jiki ta ƙi kwantawa, ta wuce gona da iri."

Ya zauna ya yi mini bayani, Allah Ya saka masa da alheri. Idan cuta ta shiga, jiki yana sakin wasu sinadarai da ake kira saitokayin, aikinsu yekuwa, su kira ƙwayoyin garkuwa su zo. A jikin wasu yekuwar ba ta tsayawa. Kamar a yi ihun ɓarawo a unguwa, ɓarawo ya tsallake katanga, amma jama'a na ta kwararowa har su tattake gidan da suka zo ceto. Huhu ya kumbura, ƙananan jijiyoyin jini su fara tsiyayar da ruwa cikin 'yan jakunkunan iska, iskar ta kasa ratsawa ta shiga jini. Jinin ma yakan daskare a wasu wurare, shi ya sa suke yi masa allurar tsinka jini. Ya nuna mini takardar gwaji, CRP, wanda ke nuna kumburi: na Baba 140, na mai lafiya bai kai 10 ba.

Maganin da suke ba shi deksametason ne, miligiram 6 sau ɗaya a rana, har kwana goma. Likita ya ce a watan Yunin bara masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka sanar cewa yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ɗaya bisa biyar ga masu shaƙar iskar oksijin. Matsalar ita ce yana tayar da suga, Baba kuwa shekara da shekaru yana fama da ita, don haka sun koma yi masa allurar insulin.

Da na dawo gida na faɗi sunan maganin, Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ai wannan shi ne sha-ka-fashe da 'yan mata ke saya don ƙiba!" Nan take ta ce a aiki yaro kemis ya sayo, kowa a gidan ya sha kafin cutar ta kama shi. Raina ya ɓaci, amma na danne, don tsoro ne ya sa ta faɗa. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya ja mini kunne a kan wannan. Wanda numfashinsa bai taɓu ba, ba ya amfanarsa, yana ma iya kashe masa garkuwar da yake bukata." Ta yi shiru, ta ci gaba da jan carbinta.

Ƙarfe tara da rabi ma'aikaciyar jinya ta kira ni. Sun kwantar da shi rubda ciki tun magariba, don bayan huhu ya samu iska, abin yatsan ya hau 91. Ta ce ya ɗaga hannu ya tambayi rediyonsa. Na sa masa sabon batir, yana cikin jakata, da sassafe zan kai masa in Allah Ya kai mu.