Laraba: Model 100 da gurbin da ya ƙi cikewa

Da safe na ɗora kwamfutar Yaya, TRS-80 Model 100, a kan tebur, 'yar 1983, mai cin batir AA guda huɗu. Na kunna, allo fayau, ko ɗigo babu. Yaya ya leƙo ya ce, "Gilashin ne ya mutu, kada ka wahalar da kanka." Na ce, "Yaya, bari mu ji ko da sauran numfashi tukuna."

Gwajin ba wuya. In ta tashi, BASIC, manhajar rubuta umarni, ce ta farko a jerin da ke fitowa a allo, sai ka danna ENTER, ka rubuta BEEP a makance, ka sake danna ENTER. Ta yi ƙara. Ke nan ƙwaƙwalwarta, 80C85, lafiya lau, matsalar tana wajen allo.

Na murza maɓallin DISP, mai daidaita fitowar rubutu a allo, gaba da baya, shiru. Na buɗe ta na sa mita. Layin volt 5 daidai. Amma allon nan yana buƙatar -5 kafin rubutu ya fito, kuma mita da ƙyar ta nuna -1. Ƙananan kafasitocin da ke ɓangaren wuta sun yi yoyo, dalmar ƙafafunsu ta dusashe, in ayan na narka dalma ya taɓa sai ƙarni ya tashi. Na cire su, na wanke bod da sifirit, na sa sababbi. A kula: a layin nagatib, ƙafar + ta kafasita ita ke zuwa layin ground, wato volt 0. Batirin ciki na NiCd mai volt 3.6, wanda ke riƙe bayanai in an kashe ta, shi ma ya fara tsatsa, na fitar da shi.

Na kunna, rubutu ya fito tas. Har na ƙwala wa Yaya kira.

Sai na lura da ƙasa ta hagu. Gurbi guda babu komai, layi huɗu, faɗin harafi takwas da ɗan ƙari. Wannan ya tsaya mini a rai har yanzu. Allon ɗigo 240 ne a kwance, 64 a tsaye, kuma IC goma ne (ƙananan cif da ke sarrafa ɗigon) masu lamba HD44102 ke raba shi, biyar sama biyar ƙasa, kowanne na iya ɗaukar 50 sau 32. Gurbin nan daidai rabon IC ɗaya ne. Da robar nan mai zane-zane da ke kai wuta tsakanin gilashi da bod ce ta saki, siraran layuka za a ga sun ɓace nan da can, ba za a ga fili mai kusurwa huɗu haka ba. Saboda haka ko IC ɗin ya mutu, ko layin da ke zaɓo shi daga 81C55, IC ɗin da ke aika masa sigina daga babban bod, ya yanke, ko wayar da ta haɗa allo da bod ba ta zauna ba.

Na zare wayar, na goge, na mayar. Gurbin yana nan.

Yaya ya ce in kwance firam ɗin ƙarfen da ke riƙe gilashin in duba ciki. Ban yarda ba. Kunnuwansa ba sa jure lanƙwasa da yawa, kuma daidaita robar a mazauninta aiki ne ja. Gobe zan bi layin zaɓen da mita, ƙafa bayan ƙafa, tun daga inda ruwan kafasita ya kwanta.