Fitilar Kasko a Daren Diwali: Yadda Ake Haɗa Ta da Abin da Ake Nema a Cikinta

Diwali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu a Indiya, yana faɗowa ne a daren da wata ya ɓace ƙurmus, cikin watan Kartika na kalandar Hindu, tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Sunan ya fito daga wata kalma ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, dipawali, wato jerin fitilu. Wanda ya ga hotunan garin Ayodiya na arewacin Indiya, inda aka kunna fitila sama da miliyan biyu da rabi a gaɓar kogin Sarayu a 2024, zai ɗauka cewa yawan haske shi ne bikin. Malaman addinin ba haka suke koyarwa ba. A wurinsu fitilar waje tunatarwa ce ga wani haske da ke cikin mutum, wanda suke kira atman, kuma fitila guda da aka kula da ita da kyau ta isa ta yi wannan aiki. Shi ya sa ya kamata a fara da ita kanta fitilar, domin duk darasin yana cikin yadda take ci da yadda take mutuwa.

Ana kiranta diya. Ɗan ƙaramin kasko ne na yumɓu, bai wuce tafin hannu ba, da ɗan baki a gefe guda inda lagwani yake kwanciya. Maginan tukwane, waɗanda ake kira kumhar, su ke yin ta, ba tare da shafa mata komai ba. Saboda haka sabuwar diya ƙishirwa gare ta: in aka zuba mata mai kai tsaye, yumɓun zai shanye kaso mai yawa, ya tsattsafo ta ƙasa ya ɓata daɓe, fitilar kuma ta mutu da wuri. Maganin shi ne a jiƙa sababbin kasake cikin ruwa na wasu sa'o'i, kwana ɗaya ko biyu kafin bikin, sannan a kife su su bushe sarai. A nan ne da yawa suke kuskure. Kaskon da bai gama bushewa ba yakan sa wuta ta riƙa tartsatsi, domin ruwan da ya rage yana tafasa a ƙarƙashin mai, wani lokaci har kaskon ya tsage.

Mai iri uku ne aka fi amfani da shi. A arewacin Indiya man ƙwayar sarson, wato mustad, shi ne na fitilun waje, a kudu man riɗi, sannan tacaccen man shanu na fitilar da ake ajiyewa a wurin ibada. Cokalin miya ɗaya zuwa biyu ya ishi ƙaramar diya, kuma da siririn lagwani zai kai ta awa biyu ko fiye in babu iska. Kada a cika ta fal, a bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Man shanu yana ba da wuta mai tsabta, hayaƙinsa kaɗan, sai dai yana daskarewa da sanyin dare, don haka a narkar da shi kafin a zuba. Kananzir ba shi da gurbi a nan ko kaɗan: a buɗaɗɗen kasko dukan fuskarsa ce za ta kama da wuta.

Lagwani na tsantsar auduga ne, ana murza shi tsakanin tafin hannu. Dogo shi ake kwantarwa a kasko, kansa ya leƙo ta bakin. Akwai kuma dunƙulalle mai tsini a sama, wanda ake tsayarwa a tsakiyar man shanu. Kafin a kunna, a tsoma shi duka cikin mai, a matse tsinin da yatsa biyu. Busasshen lagwani kansa yake ci, cikin daƙiƙoƙi ya zama toka. Abin da ya leƙo waje kada ya wuce rabin santimita zuwa santimita ɗaya. In ya yi tsawo wutar za ta yi girma, ta yi baƙin hayaƙi, ta lashe mai. In ya gaza sai ya nutse. In aka murza shi da ƙarfi fiye da kima, mai ba zai samu hanyar hawa ba, wutar ta yi ta ƙanƙancewa alhali kaskon cike yake.

To, wannan kayan aikin ne masu wa'azinsu suke fassarawa gaɓa gaɓa. Kaskon yumɓu jikin mutum ne, daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. Mai shi ne tarin sha'awoyi da halayen da suka kafu a zuciya, waɗanda suke kira wasana. Lagwani shi ne son kai, wannan "ni" da kowa yake ɗauke da shi. Wuta kuwa sani ce. Abin da ya fi ɗaukar hankali a fassarar shi ne ba ta ce a zubar da mai a jefar da lagwani ba. Ba tare da su ba babu haske. Abin da ake so shi ne a kunna su, su riƙa ƙarewa sannu a hankali suna zama haske. Mai fushi, mai kwaɗayi, mai son a san shi, duk yana da abin konawa, kuma ba a ce ya jira sai ya tsarkaka kafin ya fara ba. A ganina wannan ne ya sa misalin ya daɗe a bakin mutane: bai yanke wa kowa ƙauna ba.

Nassosinsu ma a kan fitila suka tsaya. A littafin Bagawad Gita, babi na 6, baiti na 19, an kwatanta zuciyar wanda ya horu da fitilar da ke inda babu iska, ba ta rawa. Akwai kuma tsohuwar addu'a daga Upanishad da ake yawan karantawa a wannan dare, wadda ke roƙon a fitar da mutum daga abin da ba gaskiya ba zuwa gaskiya, daga duhu zuwa haske, daga mutuwa zuwa rashin mutuwa. Duhun da ake nufi jahilcin mutum ne game da ainihin kansa.

Bikin kwana biyar ne, kuma shirin zuciya yana farawa tun kafin babban daren. Ana share gida lungu da saƙo, a fitar da tarkace, a biya bashi in da hali, a shirya da wanda aka ɓata da shi. 'Yan kasuwar jihar Gujarat a wannan lokaci suke rufe tsofaffin littattafan lissafi su buɗe sababbi. Ranar farko, Danteras, da yamma ake ajiye fitila guda a wajen gida tana fuskantar kudu, domin Yama, wanda suka ɗauka shi ne mai kula da mutuwa. Wato fitilar farko ta bikin tunawa da mutuwa ce, kuma wanda ya tsallake wannan ya rasa rabin ma'anar sauran. Rana ta biyu ana tuna yadda abin bautarsu Kirishna ya halaka mugun sarki Narakasura, kuma a jihar Tamil Nadu ta kudu ita ce babbar ranar, ana shafa man riɗi a yi wanka kafin ketowar alfijir. Ta uku ita ce daren Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, daren da mutanen arewa suke dangantawa da dawowar abin bautarsu Rama garin Ayodiya bayan shekara 14 a daji. Ta huɗu da ta biyar na ciyarwa ne da zumunci tsakanin 'yan'uwa maza da mata. Mabiya addinin Jain a daren na uku suke tuna rasuwar babban malaminsu Mahawira a garin Pawapuri, mabiya addinin Sik kuma suna tuna sakin jagoransu Guru Hargobind daga kurkukun Gwaliyo tare da sarakuna 52.

A daren na uku, ana kunna fitila ta farko a wurin ibada jim kaɗan bayan faɗuwar rana, tana fuskantar gabas ko arewa. Daga ita ake kunna sauran, ɗaya bayan ɗaya, a kai su bakin ƙofa, tagogi, tsakar gida, wurin ruwa, da duk lungun da ba ya samun haske. Akwai dalilin da ya sa ba a ƙyasta wa kowace ashana: fitila tana kunna ɗari ba tare da haskenta ya ragu ba, kuma haka suke kwatanta ilimi da alheri.

Wanda yake son ya zauna da fitilar ya nutsu, akwai tsohuwar hanyar yoga da ake kira tarataka. A zauna da baya a miƙe cikin ɗaki mai duhu, a rufe taga, a kashe fanka. A ɗora fitilar a kan wani abu har harshen wutar ya daidaita da ido, nisan kamu ɗaya zuwa biyu. A kalli wurin da ya fi haske, dab da kan lagwani, ba tare da yawan ƙiftawa ba, na minti ɗaya ko biyu, ko har hawaye ya taru. Sai a rufe ido. Siffar wutar za ta bayyana a cikin duhun idon, a riƙe ta tsakanin gira har ta dushe da kanta. A maimaita sau uku, duka bai wuce minti goma ba.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Na farko zare ido da ƙarfi, wanda ba ya haifar da komai sai ciwon kai. Goshi da muƙamuƙi su saki. Na biyu bin siffar da ido in ta fara yawo: da zarar ƙwayar ido ta motsa ita ma sai ta gudu, in aka tsaya sai ta dawo. Na uku, wanda ya fi wuyar magani, shi ne jiran ganin wani abin mamaki. Siffar da ake gani aikin ido ne kawai, kowa zai gan ta. Amfaninta shi ne ta ba hankali wuri ɗaya da zai tsaya, har mutum ya lura da yadda tunani ke zuwa yana wucewa alhali mai kallon yana nan bai gusa ba. Wannan mai kallon shi suke nufi da hasken ciki. Mai farfaɗiya, da mai hawan jinin ido ko yanar ido, da wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan, su bar kallon wutar, su zauna kusa da ita da ido a rufe.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Farkon dare a biranen Indiya na ƙarar wasan wuta ne da hayaƙi, har ta kai Kotun Ƙolin ƙasar a 2018 ta taƙaita shi zuwa awa biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Mai neman natsuwa ya fi dacewa ya tashi kamar awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, lokacin da al'adarsu ta fi fifitawa don tunani.

A kiyaye da wuta. Fitila ta zauna a kan faranti ko daɓe, nesa da labule da inda yara ke gudu. Gefen sari, wato zanen matan Indiya, da gyale, musamman na roba, su suka fi kamawa yayin da ake sunkuyawa a jera fitilu. In mai ya kama, a kife masa murfi ko a zuba yashi, ruwa watsa shi zai yi.

A gidaje da yawa ana barin babbar fitila guda ta kwana tana ci. Tana bukatar kasko mai zurfi, dogon lagwani a naɗe cikin mai, da gilashi mai buɗaɗɗen kai don tare iska, da kuma mutum a farke. Duk bayan awa biyu ko uku a ƙara mai ta gefen da ke nesa da wutar, a tura lagwanin gaba kaɗan da tsinke. Kafin a karkaɗe baƙin da ya taru a kansa, a fara kunna wata ƙaramar diya daga jikinta, don in ta mutu a mayar mata da wutarta. A arewacin Indiya wasu mata sukan kife tsaftataccen kasko a saman wannan fitila, a ɗan tazara, kunkunniya ta taru a cikinsa. Da safe a kankare ta, a kwaɓa da ɗigon man shanu, ta zama kwallin da mutanen gidan za su sa a ido.