Zayyanar Baffa da firam huɗu

Shagona a Gadarif, gabashin Sudan, ɗaki ɗaya ne tal. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya da na samu na fito da ita daga Omdurman a 2023, sai teburin da nake yankan takarda a kai. Katin biki nake yi, da allon shago, da tambarin buhun riɗi idan kaka ta yi kyau 'yan kasuwa sun ji ɗumi a aljihu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan sana'a. Da a ce wata biyu da suka wuce ka tambaye ni, da na rantse maka babu layin da hannu zai ja wanda CorelDRAW, manhajar zane ta kwamfuta, ba zai ja wanda ya fi shi ba.

Yayata ce ta jawo maganar. Ɗanta na biyu ya sauke Alƙur'ani, aka sa ranar walima, ta ce tana so Baffa ya yi masa allon zayyana irin na gida, ni kuma in buga mata zanen a kati ɗari da hamsin, duk wanda ya zo ya tafi da ɗaya. Na ce mata, "Yaya, aikin yini guda ne." Na manta baki shi ke yanka wuya.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne. Yana zaune wurinmu tun daminar 2024, lokacin da faɗa ya isa jihar Sinnar mutane suka yi ta kwararowa nan. Daga Mai Wurno ya taho, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa a gaɓar kogi kudu da Sinnar bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Kakanninmu na cikin waɗanda suka biyo sawu. Da Baffa zai fito bai ɗauko ko bargo ba, amma gafaka na rataye a kafaɗarsa, da Alƙur'anin da mahaifinsa ya rubuta a ciki.

Na sha ganin wannan Alƙur'ani ina yaro, sai dai ban taɓa kallonsa da idon mai sana'a ba sai bana. Takardun ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne, kuma a gindin ganye akwai kalma guda da ke nuna maka farkon na gaba, don ko iska ta watsa su kowane ya koma gurbinsa. In ka ɗaga ɗaya ka haska da rana sai ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Ta Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta Masar da Tarabulus. Rubutun mai kauri ne, na ruwayar Warshu, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Maƙwabtanmu da suka tashi da Duri ko Hafsu kan yi ɗan jim kafin idonsu ya saba. Baƙaƙe da baƙi, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya, alifin da ake wucewa ba a furta shi ɗigon kore. Alamar kumsa bayan aya biyar, ta kuri bayan goma, kowane izu da da'irarsa a gefe. Manyan zayyanoni kuwa suna inda aka raba littafin huɗu: farko, sai A'arafi, sai Maryamu, sai Saad. Mutumin da bai taɓa jin sunan darasin tsara shafi ba ya warware duk abin da nake fama da shi a gaban kwamfuta: ina ido zai fara sauka, ina zai huta, me za a ɗaga, me za a kwantar.

Larabawan nan su ma suna da tasu zayyanar allon, sharafa suke ce mata, ana yi wa yaro a allonsa a khalwa, makarantar allonsu, idan ya kai wani mataki. Tamu ta sauka ta fi cika da saƙa, kamar aikin wuyan babbar riga.

Kwana biyu Baffa ya yi bai taɓa allon ba, yana kan tawada. Ya sa yara suka kankaro baƙin gindin tukunya, ya tace, ya jiƙa ƙaro ya kwana. Kuma ba kowane ƙaro ba, sai na dakwara, wanda a nan ake kira hashab. Na kawo masa na talha daga kasuwa don ya fi araha, ya murza a yatsa ya miƙo mini abina. Abin dariya, ƙaron nan da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa, wanda ake zubawa a lemon kwalba da alewa, shi muke shafa wa farantin injin ofset a maɗaba'ar da na yi aiki a Omdurman, don kada tawada ta kama inda ba a so. Shekara da shekaru ina shafa shi ban taɓa haɗa shi da tawadar makarantar allo a raina ba. Ta takarda daban ce, in ji shi: bagaruwa ake dafawa da kashin maƙera, ita ba ta wankuwa, shi ya sa rubutun kakanmu ya koma ruwan ƙasa amma yana nan daram. Ja da rawaya da kore kuwa bai ɓoye mini ba, garin rini ne na kasuwa yake kwaɓawa da ƙaro. Ya ce wanda ya ce maka har yanzu duwatsu yake niƙawa, ka tambaye shi ya nuna maka turmin.

Rana ta uku ya zauna a ƙarƙashin rumfa bayan sallar walaha. Ba rula, ba kamfas. Finjalin jabana, wato gahawar nan, ya kifa a kan allon ya zagaye bakinsa, da'ira ta fito. Faɗin yatsa biyu shi ne ma'auninsa na gefe. Kafin ya ja layi ko ɗaya sai da ya ɗiga ɗigo-ɗigo yana ƙirgawa a hankali, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Daga nan alƙalamin kara ya fara bin ɗigon, ya shiga ƙarƙashin wannan layi, ya fito saman wancan, har igiyar ta koma inda ta faro. Abin da na lura da shi, wanda hoto ba zai nuna maka ba, shi ne alƙalamin kara ba ya ɗaukar tawada da yawa. Yana tsomawa layin ya fito baƙi ƙirin da kauri, yana tafiya yana sirancewa yana dusashewa, sai ya sake tsomawa. In ka san abin da kake nema za ka iya ƙirga sau nawa ya kai hannu kurtu.

Da ya gama na ɗauki hoton allon, na shigar da shi kwamfuta, na zauna na sake zana shi kaf. Na miƙar da layukan, na daidaita da'irar da ta ɗan karkace ta hagu, na zana kusurwa ɗaya na kwafe ta sau huɗu. Wajen ƙarfe biyun dare na gama, da janareton maƙwabci. Ni a ganina ya fi na asali kyau nesa ba kusa ba. Da safe na buga gwaji na kai masa ina jiran yabo.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Wannan na wa ne?"

"Naka ne mana, Baffa. Gyara shi kawai na yi."

"To, madalla. Ka rubuta sunan na'urarka a ƙasa. Ni dai ban san shi ba."

Ya miƙo mini, ya ci gaba da shan jabanarsa. Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na koma shago ina ce wa kaina tsufa ne da ƙin sabon abu. Amma da na jera hoton allon da nawa a fuskar kwamfuta sai na kasa kare kaina. Nawa irin wanda ake saukewa kyauta a intanet ne, wanda za ka gani a katin biki a Jidda ko a Kano ba ka san wa ya yi ba. Kusurwoyin Baffa huɗu kuwa kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya suke, sun yi kama amma kowa da fuskarsa. Idona kan zagaya nasa sau uku, nawa kallo ɗaya ya ishe ni.

Na fara tunanin ko dai bugu da aikin hannu ba sa shan inuwa ɗaya. Sai na tuna da Alƙur'anin da ke kan kantata, bugun Madina, na ma'aikatar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984. Shafi 604, layi 15 a shafi, an buga miliyoyi an raba duniya. Amma ai da alƙalami Usman Ɗaha, mutumin Siriya, ya rubuta shi. Hannunsa aka ɗauka aka buga, ba a kira wani yaro mai kwamfuta ya zana masa haruffa daga farko ba. Haka ma bugun Kano na Warshu da alhazai da 'yan uwa ke kawo mana, hoton rubutun mahaddata ne, har kana gane hannun wannan daga na wancan. Ashe ba injin ne ya yi wa Baffa laifi ba. Ni ne, da na ɗauki duk abin da ya nuna shi a matsayin kuskure na share.

A bayan shago akwai firam huɗu na bugun siliki da na daina amfani da su tun da na sayi firinta. Ga wanda bai taɓa gani ba: katako ne murabba'i da aka ɗaure masa yadi mai ƙananan ƙofofi kamar rariya. Kana shafa masa wani magani a cikin duhu, ya bushe, ka ɗora zanen da aka yi da baƙi a kan takarda mai shara-shara, ka fitar rana. Inda rana ta taɓa maganin ya daskare, inda zanen ya kare ya wanke da ruwa, ƙofofin su buɗe. Sai ka zuba fenti ka ja da roba, ya ratsa ya sauka a takarda. Ba ya son wutar lantarki, kuma ranar Gadarif ba ta rowa. Ƙasa da minti ɗaya ta isar mini. Sharaɗinsa ɗaya, kowane launi da firam ɗinsa.

Na je da takardu huɗu masu shara-shara na durƙusa na yi masa bayani, ina tsoron ya kore ni. Na ce a ta farko zai zana baƙi kaɗai, a ta biyu wuraren ja, haka har huɗu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaro, ai haka ake rubuta Alƙur'ani. Ka gama baƙi, ka dawo ka bi da ja, ka dawo da rawaya, ka dawo da kore. Kana tsammani alƙalami huɗu muke riƙewa a hannu ɗaya?"

Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma ya fi ni gaskiya: ba za a buga Fatiha ko farkon Baƙara a katin ba. Suna kan allon, a nan za su tsaya. Kati abin hannun yara ne, gobe sai ka tsince shi a kwata. Tsakiyar zanen aka bari fili, ya rubuta sunan yaron da shekarar hijira da hannunsa.

Ina wanke firam ɗin farko na tuna da Ibrahim Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin Alƙur'ani. Ya je Landan ya karanci zane, ya dawo a 1957, mutanen gida ba su kula da abin da ya kawo musu ba sai da ya koma ga harafi da adon da suka tashi da shi. A 2013 gidan baje zane na Tate Modern da ke Landan ya baje ayyukan rayuwarsa. Na san wannan labari tun ina koyon aiki, nakan ma ba wa yaran shago shi da alfahari, alhali ga mai zayyana a gidanmu yana kwana a ɗakin zaure.

Bugun ya ci mana kwana huɗu, launi ɗaya a rana, don sai wannan ya bushe ake ɗora wancan. Kati ɗari da hamsin sau huɗu, ja ɗari shida ke nan da roba, kafaɗata ta faɗa mini. Igiyar shanya ta gidan duk ta koma ta kati, Yaya na ta mita. A rana ta biyu kusoshin da ke riƙe firam ɗin ja suka yi sako-sako ban lura ba, kati goma sha bakwai jan ya zame ya leƙa wajen layi da kamar kaurin tsinke. Na ware su zan zubar. Baffa ya duba ya ce biyar sun yi muni a ƙona, sauran a bar su, ko shi hannunsa kan yi fiye da haka idan ya yi azumi.

Ranar walima yaron ya riƙe allonsa ya karanta har zuwa "muflihun", aka shafa fatiha, aka raba katin da dabino. Wata tsohuwa 'yar Mai Wurno, ita ma gudun hijira ya kawo ta, ta riƙe nata nesa da ido ta ce wannan igiyar ta gidan malam wane ce, ta ambaci sunan kakanmu. Ba wanda ya gaya mata.

Da yamma Baffa ya same ni a bayan gida ina goge firam da magani, zanen na narkewa yana bin ruwa. Ya tsaya da carbi a hannu yana kallo.

"Wanke shi ake yi a sake wani?"

"Eh, Baffa."

"Ashe allo ne."

Ya tambaye ni kuɗin yadin, da inda ake sayar da maganin. Limamin unguwarmu na da yara uku da za su sauke bayan Babbar Sallah, kuma Baffa ya riga ya aika a sayo masa hashab.