Munich: tikiti, agogo da abin da ke cikin faranti

Munich ce fadar jihar Bavariya a kudancin Jamus, gari mai mutane wajen miliyan ɗaya da rabi a bakin kogin Isar. Ba ta da wuyar zagayawa. Abin da ke kayar da baƙo shi ne tikiti da lokaci, sai kuma abinci in Musulmi ne.

Daga filin jirgin sama, jiragen ƙasa S1 da S8 ne ke kai mutum tsakiyar gari cikin minti 40 zuwa 45. A komawa ka lura da S1, domin a tashar Neufahrn yana rabuwa biyu, wani ɓangare ya nufi Freising, ɗayan ya wuce filin jirgi. Karanta rubutun jikin taragon, ko ka hau S8 hankalinka kwance. Tashoshin ba su da ƙofar da ke tare kowa, wannan ne ke ruɗar baƙi. Tikitin takarda da ba a buga masa kwanan wata ba sai ka cusa shi cikin ɗan akwatin nan shuɗi ya buga masa hatimi kafin ka hau. Masu duba tikiti kan shigo sanye da kayan gida, tarar yuro 60 ce, kuma "ban sani ba" ba ta ceton kowa.

Tsakiyar gari ita ce dandalin Marienplatz. Mutum-mutumin da ke jikin hasumiyar majalisar birni suna rawa da ƙarfe 11 da 12 na rana, da kuma 5 na yamma daga Maris zuwa Oktoba. A gani sau ɗaya ya isa. Abin da ya fi shi daɗi shi ne hawa hasumiyar cocin Alter Peter da ke gefe, matakala wajen 300 a ƙunci, amma ranar da gari ya washe har duwatsun Alps ake hangowa. Mai ciwon gwiwa ya haƙura. Mai son ƙwallo kuma ya kama jirgin ƙarƙashin ƙasa U6 zuwa Fröttmaning, inda filin Allianz Arena na Bayern Munich yake.

Maganar abinci tana son natsuwa, don girkin Bavariya a kan alade ya ginu. Kalmar da za ka haddace ita ce Schwein. Farar tsiren hanjin da suke alfahari da ita, Weisswurst, ko da an ce maka naman maraƙi ne, akwai kitsen alade a ciki. Haka Leberkäse, niƙaƙƙen naman da ake gasawa kamar burodi. Soyayyen naman da aka rubuta "Wiener Art" a gefensa yawanci alade ne. Ko cukun da ake kira Obazda akan zuba masa ɗan giya. Gasasshen kifi a tsinke, Steckerlfisch, ba shi da wannan matsalar. Naman halal kuwa yana kudu da babbar tashar Hauptbahnhof, a titunan Goethestrasse da Landwehrstrasse, inda shagunan Turkawa da Larabawa suke jere. Babban masallacin Freimann, wanda aka buɗe a 1973, yana can arewacin gari.

Kantuna suna rufewa da ƙarfe 8 na dare, ranar Lahadi kuma ba sa buɗewa sam, sai 'yan kaɗan a manyan tashoshi da filin jirgi. Yi cefane ranar Asabar. Lahadin ka ba gidajen tarihi, domin irin su Alte Pinakothek yuro ɗaya kacal ake shiga a ranar.

Don fita wajen gari, Bayern-Ticket ya fi araha: tikiti ɗaya na yini guda, har mutum biyar, kowa da sunansa a jiki. A ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, kuma ba a hawa jiragen dogon zango ICE ko IC da shi, sai jiragen yanki. Da shi ake zuwa Salzburg ta Austriya, da shi ake zuwa Füssen, tafiyar awa biyu, inda bas 73 ko 78 ke kai mutum gindin fadar Neuschwanstein da Sarki Ludwig na II ya fara ginawa a 1869. Tikitin shiga fadar yana da ƙayyadadden lokaci, ga hawan tudu na sama da rabin awa a ƙafa. Wanda ya makara, kuɗinsa ya tafi. Sayi naka ta intanet tun da kwanaki.

Dachau ta fi kusa: S2, sannan bas 726. Nan ne sansanin gwale-gwale da 'yan Nazi suka buɗe a Maris 1933. Shiga kyauta ne, kuma wurin yana cin rabin yini.

In ba bikin giya na Oktoberfest ya kawo ka ba, kauce wa tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da kuɗin otal ke ninkawa, jiragen cikin gari kuma su cika da mashaya.